Tauraron da ke Gaban Sunan Kawu

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, zaune a kujerarsa ta shago, fanka na kaɗawa, shayinsa bai gama hucewa ba. Mai gyaran babur da ke maƙwabtaka da shi ne ya leƙa aron filaya, ya yi sallama har sau uku, sannan ya fito ya tsaya a bakin titi ya rasa wanda zai fara gaya wa. Na Allah muke, kuma gare shi ake mai da mu ɗaya bayan ɗaya. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa a nan Yelwa, ba inda ya so ba, domin inda ya so ɗin yana ƙarƙashin ruwa.

Kwana uku tabarmi ba su huta ba a ƙofar gidansa. Masunta suka zo suna cewa Allah ya jiƙan mai gyaran rediyo, malaman makaranta suna cewa an yi rashin injiniya. Duk wannan bai ba ni mamaki ba. Tsofaffin mutanen gungunmu ne suka tayar mini da tsigar jiki, waɗanda suka taso daga Shanga da Wara da ƙauyukan bakin ruwa. Sai su shafa addu'a, sannan wani ya sunkuya ya tambayi na kusa da shi: "To shi, wa za shi rubuta shi?"

A rana ta biyu Gwaggonmu ta Shanga, wadda ta ga fitar makara da idonta, ta jawo ni gefe ta ɗora mini wayarta a tafin hannu.

"Diba mini ko ya hito," in ji ta.

"Wa, Gwaggo?"

"Shi mana. Buɗe shahin ki gani."

Na buɗe. Wayar ta yi ta juya ɗan zobenta, daga ƙarshe ta ce ba a sami shafin ba. Gwaggo ta karɓi abarta ta ƙulle a bakin zane, har da 'yar ajiyar zuciya. "To, ba a tabbatar ba ke nan," ta ce, ta koma cikin mata ta zauna tana ba su labarin tsadar mota.

Inna kuwa, mahaifiyata, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta zauna da carbinta, duk wanda ya yi mata gaisuwa ta amsa. Sau ɗaya kawai na ji ta ƙara wani abu a kan amsar, ta ce, "Ya huta da tambaya."

Wanda bai san mu ba zai ce Gwaggo ta ruɗe ne, don haka bari in faɗi asalin abin. Mutanenmu a kan wani gungu suke a tsakiyar kogi. Da aka datse ruwan Kainji, ruwa ya taso ya rufe gungun, da gidaje da masallaci da maƙabarta, aka warwatsa mutanen a bakin gaɓa. Lokacin Kawu yana makarantar kwana, Inna kuma yarinya ce ƙarama. Tun daga nan muka zama mutanen da ba su da kabarin kaka da za su tsaya a kai. Da Kawu ya yi ritaya daga aikin gyaran na'urorin sadarwa, sai ya buɗe shago a bayan kasuwar kifi, ya ajiye wata tsohuwar kwamfuta a lungu, ya haɗa ta da sola da batiran babbar mota don kada ta taɓa mutuwa. A cikinta ya kafa saba, wato manhajar da ke miƙa wa mutane shafi idan sun nema ta intanet. Shafi ɗaya ne tak: sunayen duk waɗanda aka binne a gungun, da duk ɗan gungun da ya rasu daga baya, gida-gida, kowa da ɗan tarihinsa.

Idan ɗan gungu ya rasu, kafin a dawo daga jana'iza sunansa ya fito. Bai taɓa latti ba, bai taɓa kuskure ba, har ta kai tsofaffinmu ba sa cire hular gida su sa ta ta'aziyya sai sun sa jika ya duba musu. Daga nan wata al'ada ta tsiro da kanta: ranar sadakar arba'in ta kowane ɗan gungu, Kawu zai zo ya buɗe shafin ya karanto sunayen kaf, tun daga na fari har zuwa sabon da ya shiga. Karatun kan ɗauki fiye da awa guda, kuma ba mai tashi. Wannan ce ziyarar maƙabartarmu. Shi ya sa nake wannan rubutu, don mutumin da ya rubuta kowa ya kusa tafiya ba a rubuta shi ba, kuma da hannuna a ciki.

Sau ɗaya a shekara, idan ruwa ya ja baya, yakan ɗauki hayar kwalekwale ya shiga tafkin. Na bi shi sau biyu, na biyun ma don kada a ce tsoro na ji a na farko. Zai zauna a gaba yana kallon wani tudu da wani dutse, sai sun daidaita a idonsa ya ɗaga wa mai jirgi hannu a kashe inji. Ban taɓa jin shiru irin na wurin nan ba. Sai ya yi sallama irin wadda ake yi a ƙofar maƙabarta, ya ɗan dakata kamar mai jiran a amsa, sannan ya fara nuna mini da yatsa.

"Nan gidanmu. Can masallaci. Wagga hanya ita ka kai mutum bakin rijiya."

Ni ban ga komai ba sai ruwa. Da za mu juya, mai jirgi ya miƙe da sanda zai tura mu kai tsaye, Kawu ya ce masa a hankali, "Kewaya, ɗana. Kada ka bi ta cikin ɗakin mutane." Mutumin bai yi dariya ba, ya kewaya.

A wajen aiki kuma, Allah ya gafarta masa, Kawu ya iya cin rai. Kowa a duniya idan zai kafa saba sai ya ɗauko wadda aka riga aka haɗa, minti biyu an gama. Shi a'a. Sai ya ɗauko tushenta, wato ainihin rubutun da masu ita suka yi da hannunsu kafin a mai da shi yaren inji, ya gina ta da kansa. Akwai wata doguwar lamba da ake tantance ƙunshin da ita don a san ba a taɓa shi a hanya ba. Inji na iya duba ta cikin ƙiftawar ido, amma sai ya ba ni takarda in riƙe, yana karantowa ɗaya-ɗaya da yatsa a kan allo, ina cewa haka ne.

Aikin mataki uku ne. Na farko shi ne configure, wani dogon layi da za ka rubuta ka gaya wa inji inda za a kafa sabar da ƙarin ɓangarorin da za a gina tare da ita, waɗanda ake kira mojul. Injin zai yi ta binciken kansa, akwai kaza, akwai kaza, idan ya iske babu wani abu sai ya tsaya cak, dole ka je ka nemo abin ka gina shi tukuna. Na biyu shi ne make, ginin kansa, rubutu ya yi ta gudu a baƙin allo kamar tururuwa, a tsohuwar kwamfutar nan har kusan awa guda. Na uku a ajiye kowane abu a mazauninsa. A irin ginin Kawu ba a maƙala mojul daga baya. Wanda ba ka ambata a layin farko ba bai shiga ba ke nan, sai dai ka rushe ka sake. Mojul uku yake sawa: na kulle hanya don kada a leƙa, na harhaɗa guntayen shafi, da wani ƙarami da ya rubuta da kansa, wanda bai taɓa gaya mini aikinsa ba, ni ma girman kai bai bar ni na tambaya ba.

Idan make yana gudu Kawu ba ya magana, ba ya kuma yarda a yi. Sai ya dafa shayi ya zauna yana kallon rubutun kamar mai gadin gawa. Idan jan rubutu ya fito na ce abin ya lalace, sai ya ƙwanƙwasa allon da farce. "Karanta abin da yac ce miki. Ba zagi na ba, bayani na."

A kan wannan muka ɓata. Shekarar da na gama karatun kwamfuta na fara koyarwa, kaina na hayaƙi, na shiga shagon na tarar da shi a rana ta biyu yana fama da gini ɗaya. Na ce, "Kawu, wannan fa wahalar banza ce. Ba ni wuri in kafa maka a minti biyu."

Bai juyo ba. "Kin karanta cikin wadda za ki kahwa?"

"Ba mai karantawa, Kawu. Duniya duk da ita take aiki."

"Duniya ta aza kasuwarta bisa ta. Ni uwata nika azawa. Abin da ban ga cikinai ba, ba ni aza matattuna bisa shi."

Na ce ai matattu ba su san bambanci ba. Har yau idan na tuna sai in ji kamar in nutse. Ya tashi ya buɗe mini ƙofar da take a buɗe, ya tsaya riƙe da ita har na fita. Wata bakwai ban taka shagon ba, shi ma bai neme ni ba, don a taurin kai gidanmu ba baƙo.

Abin da ya shirya mu shi ne rasuwar 'yata ta fari, wadda ta kwana uku a duniya. Kowa ya zo ya ce ba rabo ba ce, in yi haƙuri, Allah zai ba da mai tsayawa, kamar wani kaya ne ya faɗi a hanya. Kawu ya zo da yamma ya zauna a bakin ƙofar ɗakina. Can ya ce, "Ɗiyata, mi anka raɗa mata?" Na gaya masa sunan. Washegari ya aiko mini da saƙo in duba shafin. Ga ta nan a gidan kakanmu, ita da ba ta taɓa ganin gungun ba, ya rubuta cewa ta zo da gashi mai yawa kuma ta kama yatsan uwarta. Ban san wa ya gaya masa ba. A ranar na yi kukan da na kasa yi, kuma daga ranar na koma shagon.

Tsofaffi kuwa suna son sa suna kuma tsoron sa. Yana da wata 'yar rikoda da yake yawo da ita gida-gida yana tambaya: wa ya haifi wane, ƙofar wane ina take kallo, wa ya fara rasuwa a shekarar kaza. Ana tsokanar juna da cewa idan ka ga Kawu da rikoda a zaurenka, ka fara neman gafarar maƙwabta. Kowa dai ya ba shi abin da ya sani, ban da mutum ɗaya. Inna ko rikodar ta hango a aljihunsa sai ta ɗauki tsintsiya ta fara sharar inda yake zaune. "Ni ban tuna komi ba, Yaya, yarinya nike," haka take cewa. Shi kuma ya kaɗe rigarsa ya tafi, bayan wata biyu ya dawo. Sun shekara fiye da goma a haka.

To, dalilin da shafin ya ƙi buɗe wa Gwaggo shi ne, ranar rasuwar, da matar Kawu ta je rufe shago, ta kashe duk abin da ke kunne, kamar yadda kowane mai hankali zai yi. Kwamfutar da ta shekara da shekaru ba ta huta ba, da aka sake kunna ta sai faifan cikinta ya kama ƙas, ƙas, ƙas, bai ƙara tashi ba. Kwanaki suna tafiya, arba'in na matsowa, tsofaffi suna aiko tambaya. Babu mai rai da ya haddace sunayen nan. Idan shafin bai tashi ba, ba karatu, kuma a wurin mutanenmu Kawu zai zauna a tsakani, ba ya cikinmu ba ya cikinsu.

Saura kwana tara na karɓi makulli. A cikin gwangwanin madara na sami filas, ɗan abin adana bayanan kwamfuta, mai ɗauke da komai, da wani littafi mai baƙin bango. A shafin farko ga dogon layin nan ya rubuta da biro, a ƙasa kuma da ja: "Ki ɗauki tushen da ke cikin filas. Kada ki ɗauko sabo." Bai sa suna ba, amma ya san wadda za ta zo. Na sa sabon faifai, na duba tushen nasa na ga ya tsufa, an fitar da sababbi da yawa a bayansa. Ni malamar kwamfuta guda, in kafa tsohon abu? Na ɗauko sabo.

Matakin farko ya wuce lafiya. Ana tsakiyar gini sai jan rubutu ya cika allo, kuma duk a kan ɗan mojul ɗin Kawu, don sabon tushen ya sauya wasu abubuwa da yake dogara da su. Kwana uku ina komawa bayan tashi daga makaranta, abu ɗaya. A na huɗu da sassafe na ce wannan ɗan abin ai ado ne, na goge shi daga layin. Ginin ya tafi sumul. Da na tayar da sabar sai ta yi ƙorafin akwai layi ɗaya a cikin saitinta da ba ta gane ba. Bayani take yi mini, ni kuwa na toshe layin na wuce. Na kwafe jakar sunaye dungum ban buɗe ta ba. Shafin farko ya fito, ga hoton ruwa, ga sallamar da Kawu ya sa a sama. Na aika wa dangi saƙo cewa shafi ya dawo, na kulle shago na ruga makaranta, domin ranar ina tsaron jarrabawa, waya a kashe.

Bayan azahar na dawo gida na iske takalma jibge a ƙofarmu, har da tabarma an shimfiɗa a waje, wasu dattawa zaune sun sunkuyar da kai. Ban san yadda na shiga ba.

Inna na zaune a tsakar gida da faifan wake a cinyarta tana tsincewa. Matan gungu sun kewaye ta, amma daga nesa, an bar fili tsakaninta da su kamar an zana da sanda. Gwaggo na bakin ƙofa da ƙullin kayanta na zaman makoki, motar safe ta biyo daga Shanga. Ta miƙo mini wayar ba ta dube ni ba. Gidan kakanmu ne a buɗe. Ga sunan Kawu ya fito. A ƙarƙashinsa ga sunan Inna, da Allah ya jiƙanta a gaba.

"Shahin bai taɓa ƙarya ba," in ji Gwaggo, tana kallon Inna kamar ita ya kamata ta yi bayani.

Wata tsohuwa ta rarrafo ta taɓa ƙafar Inna da bayan hannu, ta janye da sauri. Inna ba ta ɗago ba. "Da ɗumi ko?" ta ce, ta ci gaba da tsintar wakenta.

Ba ita kaɗai ba ce. Mutum shida masu rai na kashe a safiyar nan, duk sauran waɗanda aka haifa a gungun. A Wara, wani dattijo yana zaune a ƙofar gida jikokinsa suka fara bugowa daga birni suna kuka. Da aka gaya masa dalili bai yi musu ba, ya shiga ɗaki ya yi alwala ya kwanta yana fuskantar gabas, yana nan har la'asar yana jira. Daga baya sai da na bi gidajen nan ɗaya-ɗaya na durƙusa, amma wannan wani labari ne.

Na koma shago a guje na zare wayar intanet. Sannan na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na buɗe jakar sunaye na karanta. Sunaye bakwai suna da alamar tauraro a gabansu. Na buɗe ɗan mojul ɗin, bai fi shafi biyu ba, kuma a samansa ya bar bayani da Hausa: "Mai tauraro yana raye. Kada a nuna shi." Ashe duk wanda ya ɗauka a rikoda, a ranar yake rubuta masa ta'aziyyarsa ya gama, ya sa tauraro ya ɓoye. Ita ma Inna da ta ƙi rikodar, ya rubuta nata. Shi ya sa bai taɓa latti ba. Ranar rasuwa tauraron kawai yake cirewa. Shekara da shekaru yana gaisawa da mutanen nan a kasuwa, yana cin tuwonsu, alhali ya riga ya yi musu addu'ar tafiya. Na zauna a kujerarsa, sai na tuna a kanta ya cika, na tashi na jawo benci.

Na ɗauko tsohon tushen da ke cikin filas, na kwafi layinsa harafi-harafi daga littafin, mojul uku cif. Matakin farko ya wuce. Na sa gini, rubutu ya fara gudu, ba ja ko ɗaya. Ana cikin haka hasken ƙofa ya ragu. Inna ce tsaye da mayafinta, ita da ba ta taɓa taka shagon nan ba tun da aka buɗe shi.

"Ɓoye ni kika yi?" ta ce.

"Yanzu zai gama, Inna. Ki yafe mini."

"Kahin ki ɓoye, karanta mini. In ji mi yac ce."

Na ce ba kyau mutum ya ji irin wannan. Ta zauna a kujerar Kawu ta gyara mayafi, ta ce mutanen Shanga sun ji, na Wara sun ji, ita ce ba za ta ji ba? Na buɗe. Na karanta mata:

"Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta iya iyo tun kafin ta iya ɗaura zane. Ranar tashi daga gungun ita ce ta ƙarshe da ta shiga jirgi, sai da Baba ya ɗauko ta cak tana cizonsa. An ce taurin kai ne, ba shi ba ne. Kwana biyu kafin nan aka binne jaririn da Innarmu ta haifa, ya kwana biyar a duniya, bai kai ranar suna ba. Ina makaranta, ban gan shi ba. Ita tana cikin ɗakin lokacin da Baba ya yi masa huɗuba a kunne, ta ji sunan. Iyayenmu ba su sake ambatarsa ba har suka koma ga Allah. Shi ne na ƙarshe da aka binne a gungun, kuma shi kaɗai ne layinsa babu komai. Na yi shekaru ina tambayarta tana kora ta, kuma ita ke da gaskiya, domin ni layi nake neman cikewa, ita kuwa ƙaninta ne da aka sa ta bari a can shi kaɗai. Ta tafi da sunan. Ban riƙe ta ba. Allah ya jiƙanta."

Rubutun ginin yana ta gudu a gefe. Inna ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

"Ban tahi ba tukuna," ta ce. "Rubuta."

Ta faɗi sunan a hankali, kusa da kunnena, yadda ta ji shi. Na nemo layin da babu komai na rubuta. Sai a lokacin hawayenta suka zubo, na Yayanta da na ƙaninta a haɗe, ba ta kuma share su ba.

Gini ya ƙare. Na ajiye komai a mazauninsa, na buɗe layin saitin da na toshe, na tayar da sabar, ta tashi ba ƙorafi. Na buɗe gidan kakanmu. Ga jaririn ya shiga da sunansa. Sunan Inna ya ɓace. Ta matso da fuskarta kusa da allo, don ta ɗan iya haɗa baƙi, ta bi jerin da yatsa daga sama har ƙasa, ta sake bi.

"Ina Yaya?"

"Yana da tauraro, Inna. Shi ne na bakwai. Injin bai san ya rasu ba."

Na kai alamar rubutu daidai bayan tauraron nasa, na ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa, na kasa. Wallahi na kasa. Muddin tauraron nan na nan, akwai wuri ɗaya a duniya da Kawu yake raye.

"Wanne aka dannawa?" in ji Inna.

Na nuna mata. Ta yi bisimilla, ta danna da babban yatsanta da ƙarfi kamar mai dangwala a takardar zaɓe. Na adana, na sake buɗe shafin. Ga shi nan a ƙarƙashin iyayensa. Abin da ya rubuta wa kansa ya fi na kowa gajarta: "Mai shagon nan. Ya tara abin da ya samu. Duk wanda ya manta bai rubuta ba, ya yafe masa."

Na mai da wayar intanet. Inna ta miƙe ta yafa mayafinta, har ta kai ƙofa ta tsaya ba ta juyo ba.

"Nawa ki bar shi yadda yake," ta ce. "Kada ki gyara ko baƙi guda, ko wancan da yac ce na tahi da sunan. Nai na. In lokaci ya yi, tauraron kaɗai za ki cire. Kin dai ga yadda aka yi."

Ranar arba'in ni na karanta sunayen, tun daga na fari har zuwa nasa, Inna na zaune a gefena. Ya Allah, ga bawanka da ya ƙi yarda a manta da kowa, kada ka bar shi shi kaɗai a inda yake. Ka yalwata masa, ka yafe masa, ka sada shi da waɗanda ya yi ta yi wa sallama daga cikin jirgi. Ni kuma da ya bar wa makullin, ka jinkirta mini ranar da zan buɗe layin da ke ƙarƙashin nasa.